Hotunan RAW sun ƙi buɗewa, yaya zan mai da su JPEG?

Wani ƙanenmu mai ɗaukar hoton biki nan Mabera cikin Sakkwato ya turo min tambaya, na ga gara in amsa a fili tunda ba shi kaɗai abin ke ci ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: ya ari kyamara Canon M50 ya ɗauki ɗaurin aure da walima, ashe mai kyamarar ya bar ta kan RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, da ya zuba hotunan a laftof sai ya ga duk ƙarshen sunansu CR3, wato RAW irin na Canon, Photoshop CS6 ɗinshi ya ƙi buɗe ko ɗaya. Ya goge CR3 ya rubuta JPG, abin bai yi ba. Ya ɗora kaɗan a wani shafin intanet mai juya hoto, data ta tafi, hotunan kuma sunka fito dishi-dishi ba yadda ya gan su a bayan kyamara ba. Ga dangin ango sun hana wayarshi hutawa.

To ƙanena kwantar da hankalinka, hotunanka lafiyarsu lau, in ma gaskiya za a faɗi mai kyamarar nan alheri ya yi maka bai sani ba. Amma kafin komai, waɗanda ka canja ma suna ka mai da su CR3 yadda suke, kuma kar ka taɓa memorin nan, kar ka goge kar ka yi fomatin, sai aiki ya fita hannunka. Ka kwafe foldar gaba ɗaya ka aje wuri biyu.

Canja suna ba ya juya fayil, domin abin da ke cikin RAW ba hoto ba ne tukuna. Idon kyamara, wato sensa, kowane ɗigo da ke kanta kala ɗaya kawai yake aunawa, ko ja ko kore ko shuɗi, rabin ɗigon duka kore ne, kwata ja kwata shuɗi. Wani injiniyan Kodak mai suna Bryce Bayer ya fito da tsarin nan, anka yi mishi rajista a 1976, har yau kuma shi mafi yawan kyamarori ke bi. To RAW lambobin nan ne da sensa ta auna, sai wata manhaja ta zauna ta lissafa sauran kala biyun da kowane ɗigo ya rasa daga maƙwabtanshi, ta yanke wane ne fari, ta sa kwantiras, ta sa kaifi, sannan hoto ya fito. In ka sa kyamara kan JPEG ita ke yin duk wanga aiki cikin ƙiftawar ido ta zubar da sauran bayanin. In ka sa RAW ta bar maka aikin. Awa shadda ce da ba a yanka ba da kuma riga da tela ya riga ya ɗinka, rigar kana iya rage ta kaɗan, amma yadin da almakashi ya cinye ya tafi.

Ga lambobi don ka ga girman abin da ake zubarwa. JPEG, wanda anka fito da ƙa'idarshi tun 1992, bit 8 ne, ma'ana tsakanin baƙi ƙirin da fari fat matakai 256 gare shi a kowace kala. RAW na yawancin kyamarori bit 12 ne ko 14, wato matakai 4,096 ko 16,384. A Sakkwato wanga bambanci ba na takarda ba ne, don kusan duk ɗaurin aure abu guda ne ke kashe mu: rana tsaka bayan an sauko Juma'a, mutane sun sha fararen manyan riguna da rawani, fuskoki kuma baƙaƙe sun shige inuwar hula. Ka auna haske da fuska riga ta ƙone aikin wuya ya ɓace, ka auna da riga fuska ta koma duhu. A JPEG sai dai ka zaɓi wanda za ka rasa. A RAW sau da yawa kana iya jawo su duka biyun.

Sai maganar dishi-dishin da ka gani. Abin da kyamara ke nuna maka a sikirin ɗinta ba RAW ɗin ba ne, wani JPEG ne da ta haɗa da kanta ta cusa cikin fayil ɗin, da kalar Canon da kwantiras ɗin Canon da komai. Shafin intanet ɗin nan bai san girkin Canon ba, lissafin gama-gari ya yi ya miƙo maka, shi ya sa hoton ya fito ba armashi. Haka in ka buɗe RAW a Lightroom, manhajar Adobe ta gyaran hoto, za ka ga hoto ya fito da kyau na ɗan lokaci sai kuma ya sauya kala a gabanka, mutane na zaton wani abu ya lalace, a'a, JPEG na cikin ya fara nuna maka kafin ya gama nashi lissafin.

Su shafukan nan na juya hoto ni dai ban yarda da su ba, kuma ba don kala kaɗai ba. Fayil ɗin M50 guda yana kai megabait 25 zuwa 30, in hoto 500 ka ɗauka ka lissafa, ka haura gigabait 12 da za ka tura sama da wagga netwok tamu. Wannan ƙarami ne ma. Babban shi ne hotunan walima da kamu na matan mutane ne, an yarda da kai anka bari ka shiga cikin gida, sai ka kwashe ka ɗora kan kwamfutar wani da ba ka san ko a wace ƙasa yake ba, ba ka san ko yana gogewa ko yana ajewa ba. Wallahi ko kyauta ne bai kamata ba.

Yanzu hanyoyin da za su fisshe ka. In gaggawa ce, misali ango na son guda goma ya sa a sitatus daren nan, kyamarar kanta na iya yi. Mai da memorin, shiga menu na kallon hoto, akwai wurin da anka rubuta RAW image processing, ka zaɓi hoto, ka ɗan gyara haske in kana so, ta fitar maka da JPEG sabo ba ta taɓa na asali ba. Masu Nikon su duba Retouch menu, za su ga NEF processing, har ƙananan nan irin D3200 da D5300 suna da shi. Amma wannan na 'yan kaɗan ne, ba wanda zai zauna yana latsa hoto 500 a ɗan sikirin.

Na dukan aikin kuwa, shawarata gare ka ita ce manhajar Canon ɗin kanta, Digital Photo Professional 4, masu sana'a na ce mata DPP. Kyauta ce a shafin Canon, sai dai wani lokaci su nemi lambar jikin kyamara, tana nan rubuce a ƙasanta. Abin da ya sa na fara da ita, ita kaɗai ta san girkin Canon sarai, kana buɗe CR3 za ka gan shi da kalar da ka gani bayan kyamara, ba sai ka sha wahalar nemo ta ba. Ka gyara hoto ɗaya, ka kwafi gyaran, su suna ce mishi recipe, ka liƙa ma duk 'yan uwanshi da anka ɗauka wuri ɗaya cikin haske ɗaya, sannan ka zaɓe su duka ka danna Batch process, ka nuna mata folda, ka tafi sallah ka dawo. Tana da nauyi, wannan gaskiya ne, a tsohuwar laftof sai ka yi haƙuri. Masu Nikon nasu shi ne NX Studio, masu Sony kuma Imaging Edge, duka kyauta, kuma abin mamaki da yawan yaranmu ba su ma san da su ba, kowa Photoshop ɗin da anka zuba mishi a kasuwa kawai ya sani.

Shi CS6 naka ba lalacewa ya yi ba, tsufa ne. Sashen da ke buɗe RAW cikinshi, Camera Raw, Adobe sun tsaya sabunta mishi a 2015 kan lamba 9.1.1, CR3 kuwa sai 2018 ya fito, kuma M50 ɗin nan da ka ara ita ce ma kyamarar farko da ta zo da shi. Kowane kamfani da nashi, Canon CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, Panasonic RW2, kuma ko cikin kamfani ɗaya duk sabuwar kyamara sai an koya ma manhaja ita. In dai hannunka ya saba da CS6 ba ka son barinshi, akwai gada. Sauke Adobe DNG Converter, shi ma kyauta ne, ka nuna mishi foldar gaba ɗaya, lura folda yake karɓa ba hoto ɗaɗɗaya ba, nan mutane ke rikicewa su ga kamar ba komai ciki, shi kuma ya mai da su DNG, sai CS6 ya buɗe su ba gardama. DNG ɗin nan Adobe sunka fito da shi a 2004 don ya zama RAW na kowa da kowa, saboda haka ka gane har yanzu RAW ne, ba abin da za ka miƙa ma dangin ango ba ne. Sabon DNG Converter yana son Windows 10 ko 11, in naka 7 ne to nan ma akwai magana.

Wanda ke da Lightroom na kwanan nan shi ba ya da matsala, sai dai ya shiga Profile ya canja daga Adobe Color zuwa Camera Standard in yana son kalar ta matso kusa da ta kyamara. Akwai kuma darktable da RawTherapee, kyauta ne halal ba sai an fasa ba, sabbin fitowarsu na buɗe CR3, suna da ƙarfi ƙwarai amma ba na ranar da ake jiranka ba ne, koyonsu na cin lokaci.

To ka buɗe, mi za ka taɓa? Nan ne ainihin aikin yake, juyawar kanta latsa maɓalli ce.

Fara da daidaita fari. A RAW wannan ba ya rage ma hoto komai, ko kyamara ta yi kuskure kana mai da shi daidai awa ba a taɓa yi ba. Hasken rana wajen 5,200 zuwa 5,500 yake a Kelvin, ma'aunin kalar haske, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja wajen 3,000. Wahalar tana ƙarƙashin rumfa, in tamfol ɗin ja ne ko shuɗi ko kore duk wanda ya zauna ƙasanshi ya ɗauki kalar, sai ka ga dattijo fuskarshi ta yi kore. Haka holin biki da anka cika da fitilu kala-kala. Akwai ɗan tsinken da ake latsawa kan abu fari ya daidaita sauran, yana aiki, amma ga wani tarko da littafan Turawa ba za su gaya maka ba: farar shaddarmu da yawa wanki da bula ta sha, tana da shuɗi-shuɗi a jikinta, in ka latsa kanta manhaja za ta yi zaton shuɗin kuskure ne ta ƙara rawaya, sai hoton duka ya koma awa an shafa mishi kurkum. Ka nemi farar kujerar roba ko takarda ko bango mai ruwan toka, in babu ka daidaita da ido kana kallon fatar mutum.

Sai haske. Ka gyara Exposure don fuska, sannan ka ja Highlights baya a hankali har aikin wuyan riga da ninkin rawani su dawo, ka ɗaga Shadows kaɗan don idon da ke ƙarƙashin hula ya fito. A hankali na ce. In ka ja Highlights har ƙarshe farar riga sai ta koma toka-toka awa ba a wanke ta ba, in ka ɗaga Shadows da yawa, musamman hoton dare da anka ɗauka da ISO mai yawa, wato an ƙara ma sensa ƙarfin kama haske, sai tsaki-tsaki ya cika fuska. Kuma RAW ba tsafi ba ne, inda rana ta ƙone kala ukun duka babu abin da zai dawo, hoton da ya girgiza ko fokas ya kuskure shi ma ya tafi.

Fatar mutane kuma don Allah a bar ta yadda Allah ya yi ta. Na san ƙawayen amarya za su ce a haska su, ka haska hoton ba laifi, amma abin da wasu ke yi na jan baƙar mace har ta koma ruwan madara, hannu baƙi fuska fara, bayan shekara goma 'ya'yanta ba za su gane ta ba a albam. Wannan ra'ayina ne, mai kuɗi na iya cewa ga abin da yake so.

In lokacin hunturu ne kunka yi bikin, hazo na wanke kala hoto ya yi fari-fari, ɗan ƙarin kwantiras na gyara shi, a Lightroom akwai Dehaze amma kaɗan ake sa mishi don yana baƙanta fuska. Ka duba sararin sama a hotunan waje ma, in ka ga ɗigo-ɗigo wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce ta hau sensa, ka goge a guda ka liƙa ma sauran.

Yanzu fitarwa, wane iri? Na dangin ango da mai wankin hoto JPEG ne, ba wani dogon tunani. Kwaliti a Lightroom 85 zuwa 90 ya isa, 100 nauyi kawai yake ƙarawa ido ba ya ganin bambanci, a DPP kuma ma'aunin 1 zuwa 10 ne, ka sa 8 ko 9. Abin da ba a wasa da shi shi ne Color space, wato tsarin kala, ka tabbata sRGB ne. In ka fitar da Adobe RGB ko ProPhoto, a kwamfutarka zai yi kyau, yana shiga wata waya ko injin wanki sai jan lalle da jan leshi su mutu, fata ta yi fatsi-fatsi, ka yi ta zagin mai firintin alhali daga wurinka ne. Alamar gane kyamarar da anka bari kan Adobe RGB, sunan fayil na farawa da ɗan layi a ƙasa, _MG maimakon IMG. A RAW wannan bai ɗaure ka ba, lokacin fitarwa kake zaɓa.

TIFF na hoton da za ka ci gaba da aiki kanshi ne a Photoshop, irin na ango da amarya da za a sa a firem, ka fitar da shi bit 16 ka yi gyaranka, in ka gama sannan ka yi JPEG daga gare shi. Dalili, JPEG duk sanda ka gyara ka sake sebin sai ya ƙara zubar da wani abu, TIFF ba ya haka. Amma kar ka yi gigin mai da biki duka TIFF, hoton megafiksel 24 a bit 16 in ba a matse shi ba megabait 144 ne guda ɗaya. PNG kuma na logo ne da rubutu da abin da anka cire ma baya, ba na hoton mutane ba, nauyi zai yi a banza.

Girma. M50 na ba da fiksel 6,000 a tsawo 4,000 a faɗi. Ƙa'idar wanki mai kyau fiksel 300 ne a kowane inci, kenan 4 da 6 na son 1,200 da 1,800 kawai, 8 da 10 na son 2,400 da 3,000, cikakken hotonka kuwa zai kai inci 20 da 13 ba tare da ya fashe ba, babbar bana irin ta talla ma da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar ko kusa da 300 ɗin. Akwatin nan da ake rubuta 72 ko 300 wurin fitarwa kar ya ɗaga maka hankali, in dai yawan fiksel bai canja ba lamba ce kawai, wasu masu wanki na dagewa sai 300, ka rubuta musu 300 a zauna lafiya. Abin da ya fi cutarwa yanka ne. Hoton kyamara 3 da 2 ne, ya dace da 4 da 6 cif, amma 8 da 10 ya fi shi gajarta, dole a yanke gefe, in ka bar ma mai wanki sai injin ya yanke da kanshi, a hoton taro kuma na gefen nan wataƙila kawun amarya ne. Ka yanka da hannunka kafin ka kai.

Ni folda biyu nake fitarwa kullum, babba mai cikakken girma ta wanki da zubawa a filashi, ƙarama kuma dogon gefe 2,048 ta waya. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse hoton, gobe a ɗauki wanda ya matse a kai wanki a ce aikinka ba kyau. Wurin fitarwa ka sa musu suna mai ma'ana da lamba a jere, ka bar lambar asali a ciki, ran da anka ce a ƙara wanko mana wancan za ka gano RAW ɗinshi nan take.

Wani abu da ba a faɗi, juya ɗaruruwan RAW na gasa kwamfuta, a zafin Afrilu na garin nan da ake haura digiri 40 laftof na iya rage gudu ko ta ɗauke ɗif tsakiyar aiki. Kar ka aza ta kan katifa ko kafet, ɗaga ta iska na shiga ta ƙasa, ka yi aikin da dare ko da asuba, ka raba shi ɗari-ɗari don in wuta ta ɗauke ka san inda ka tsaya. Kuma ka tace kafin ka juya, wanda anka rufe ido da wanda ya girgiza ba sai sun ci maka caji ba.

Bayan ka miƙa aiki kar ka goge RAW na hotunan da ka zaɓa. Gyaran da kake yi ba ya canja bayanin sensa, Lightroom na aje shi a katalog ɗinshi ko a wani ɗan fayil mai ƙarshen XMP kusa da hoton, in za ka matsar da folda ka tafi da su tare in ba haka ba gyaran ya ɓace ka koma farko. Su tarkacen da ba ka zaɓa ba kana iya sharewa in wuri ya yi maka kaɗan.

Biki na gaba kuma, ko taka ce ko ta aro, kafin ka fita gida ka shiga Image quality ka sa RAW da JPEG tare. Na waya ka tura daga JPEG tun kana wurin, RAW ka aje ma hotunan da rana ko rumfa ta ɓata. Memori mai gigabait 64 na ɗaukar sama da 1,500 a haka, in kuma naka ƙarami ne M50 na da C-RAW, shi ma CR3 ne amma ya fi sauƙin nauyi sosai, DPP da DNG Converter duk suna buɗe shi.